Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kaduna: Yaran Da Muke Kora Daga Aji, Wa Muke Miƙa Wa?

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni malami ne a ɗaya daga cikin makarantun sakandaren je-ka-ka-dawo na gwamnati a cikin garin Kaduna, kuma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Wasiƙar nan ta fito ne daga zaman da muka riƙa yi, mu wasu malaman aji, da iyaye mata da suka gaji da amsa kiran makaranta, da wasu masu unguwanni da 'yan kwamitin kula da makarantu daga Rigasa, Tudun Wada, Unguwar Mu'azu, Kakuri da Hayin Banki. Suka ce ni in rubuta, tunda na fi su sabo da biro.

Maganarmu a kan yaran nan ne da kowane malami ke haddace sunansu tun makon farko, ba kuwa don hazaƙa ba. Yaron da ke shigowa a makare idanunsa jajur. Wanda aka kama da wuƙa a cikin safa. Yarinyar da ta daina magana tun da aka ɗauke mahaifinta a hanyar gona. Marayan da ke kwana a shagon wani, da wadda ke zuwa aji kwana biyu ta yi talla kwana biyu. A ɗakin malamai sunansu gagararru, kuma abin da muka tanadar musu bai wuce uku ba: bulala, dakatarwa, kora. Roƙonmu a ƙara na huɗu. A koya musu yadda ake mallakar zuciya da yadda ake riƙon jama'a, a kuma ɗauki wannan a matsayin aikin makaranta sosai, wanda ke da lokacinsa a jadawali, da malaminsa, da kuɗinsa a kasafi.

Kukanmu na farko kora ce. Ranka ya daɗe, duk zangon karatu sai an karanta sunaye a taron safe, an ce wane da wane kada a sake ganinsu. Makaranta ta huta, malamai su yi ajiyar zuciya, a rufe fayil. To amma yaron ina ya nufa? Da gida ya fi ƙarfinsa, da tun farko bai kai ga haka ba. Wajen da ke jiransa hannu biyu shi ne majalisar bakin kwalbati, inda akwai wanda zai saya masa sholisho ko tiramol, ya kira shi da suna mai daɗi, ya ba shi aiki. 'Yan shara da 'yan sara-suka ba sa tambayar sakamakon jarrabawa. Yaron da muka kasa yi wa haƙuri na wata uku, su sukan yi masa na shekara, har ya zama nasu. Idan aka yi ƙwacen waya a unguwa muka ji an ce yaran ba su wuce sha biyar ba, mu malamai mukan yi shiru, domin sau da yawa mun san daga wane aji suka fito.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Jiharmu ma tana da dokar kare haƙƙin yara ta 2018. Dokar da ta ce dole uba ya kawo ɗansa makaranta, ba ma jin ta yarda makaranta ta mayar da shi titi ba tare da an san inda zai sauka ba.

Iyaye kuwa idan hanya ta ƙare musu, mun ga inda suke kai 'ya'yansu. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasunsu da mari a ƙafa, duniya duka ta gani. An yi ta zagin iyayen. Amma da yawansu sun kai yaran ne da kuɗinsu da hawayensu, don babu wata ƙofa da suka sani. Yau ma ƙofofin da suka rage ga yaron da ya fara kangarewa na ƙarshen hanya ne: ofishin 'yan sanda, gidan horon kangararrun yara, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa idan ƙwaya ta riga ta taɓa kai. Tsakanin aji da waɗannan wurare akwai tazarar shekaru, kuma a cikin shekarun nan ne makaranta ke da damar yin wani abu.

Na biyu, ofishin ba da shawara. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa makarantu na buƙatar malaman shawara. A makarantu da dama da muka sani akwai allo a ƙofa mai ɗauke da sunan ofishin, amma idan ka tura sai ka tarar da karyayyun kujeru da tsofaffin takardun jarrabawa. Inda aka naɗa malami kuma, shi ne dai mai koyar da Turanci a azuzuwa shida, shi ne mai tattara maki, wani lokaci ma shi ne shugaban kwamitin ladabtarwa. Yaro ba ya kai sirrinsa wurin wanda ya sa shi tsallen kwaɗo jiya. Yarinyar da wani babba ke tarewa a hanya ba za ta faɗa wa namiji a tsakiyar ɗakin malamai ba, ana shan shayi ana saurare. Don haka sai ta yi shiru, sai ta fara fashi, sai wata rana mu ji an ɗaura aure ko an shiga wani hali.

A nan zan ɗan daɗe, domin abu na uku shi ne zuciyar wasiƙar. Yadda muke raba muƙaman ɗalibai yana hana shugabanci ga waɗanda suka fi buƙatar koyonsa. Wa muke naɗawa monita? Yaro mai shiru, mai tsabtar riga, wanda ba ya musu. Wa muke ba shugaban ɗalibai? Wanda ya zo na ɗaya. Ba laifi ba ne, sun cancanta. Sai dai duk malamin da ya san ajinsa ya san akwai wani shugaban da ba mu muka naɗa shi ba, yana zaune a layin baya. Idan ya ce yau ba za a share aji ba, ba za a share ba. Idan ya tsallake katanga, mutum goma na bayansa. Yaron nan yana da abin da ba a koyarwa da alli: yana iya tara mutane, yana iya karanta fuska, ba ya tsoro, kuma yaransa sun yarda ba zai bashe su ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa me ake yi da wannan baiwa, da yadda zai tsayar da kansa idan ransa ya ɓaci. Mu mun ƙi ba shi jama'a a cikin makaranta, sai ya samu a waje.

Akwai wani yaro irin wannan da aka yi a makarantarmu, ɗan aji uku, mahaifinsa tsohon ma'aikacin masaƙa ne da bai sake samun tsayayyen aiki ba tun da aka rufe masaƙun Kakuri. Sunansa ya riga ya shiga jerin kora lokacin da wata malama, dattijuwa a cikinmu, ta roƙi a ba ta shi zango ɗaya. Ta damƙa masa rajistar masu makara da makullin akwatin ƙwallo, bisa sharaɗin kowane mako zai zauna da ita ya faɗa mata abin da ya fi ɓata masa rai da abin da ya yi a kai. Ba a yi wata mu'ujiza ba. Ya sake yin faɗa, ta karɓe makullin, ya yi ta kumbure-kumbure, daga baya ya zo da ƙafarsa ya ba da haƙuri aka mayar masa. Amma makara ta ragu a ajinsa, don waɗanda ke makarar yaransa ne. Ya gama karatunsa, yanzu yana koyon walda a Panteka. Abin da ke damunmu shi ne, wannan ya faru ne don an dace da mace mai haƙuri. Ta yi ritaya, kuma babu wani tsari da ya gaje ta.

Ba baƙon abu muke kawowa ba. Kwalejin Barewa da ke Zariya, wadda ta faro a Katsina a 1921, ba da darasin aji kaɗai ta fitar da su Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa ba. Akwai tsarin gidaje, da wasanni, da muhawara, da ɗora wa yaro nauyin 'yan uwansa tun yana ƙarami, ana kallonsa ana gyara masa. Waɗancan zaɓaɓɓu ne aka yi musu. Mu muna cewa ɗan Rigasa da ke layin baya ya fi su buƙata. Abin da ya rage mana na wancan tsari a yau shi ne siniya da bulala a hannu, yana rama dukan da aka yi masa a kan na ƙasa da shi, yana koyon cewa shugabanci shi ne a ji tsoronka.

Na huɗu, yaran da rashin tsaro ya taɓa. Kowa ya san satar ɗaliban da aka yi a Afaka a Maris ɗin 2021, da makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar, da Kuriga ranar 7 ga Maris 2024, inda ɗalibai 137 suka dawo bayan fiye da mako biyu a daji. Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Waɗanda ba a ji ba su ne yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Kajuru da Igabi, suka raɓe a gidajen 'yan uwa, aka cusa su a azuzuwanmu da suka riga suka cika. Babu wanda ya tambaye su abin da idonsu ya gani. Akwai wanda ke shigewa ƙarƙashin benci idan salansar babur ta yi ƙara, yara su yi ta dariya. Akwai wanda taɓa shi kaɗan sai ya shaƙe mutum. Malamin da ba a koya masa gane firgici ba zai ɗauka iskanci ne, ya ɗauko dorina. Gwamnati ta sanar a 2024 cewa za ta haɗe makarantu 359 na yankunan da ke cikin haɗari da wasu a wurare masu aminci. Mun fahimci dalilin. Muna dai tuna muku cewa yaron da aka ɗauke daga garinsu ya taho da abin da ke cikin ransa, kuma makarantar da ta karɓe shi tana buƙatar fiye da ƙarin benci.

Sai ranar Juma'a. Tun Janairun 2022 da aka mayar da makarantun gwamnati karatun kwana huɗu, yaron da ba shi da islamiyya ko shagon koyon sana'a ya sami kwana uku a jere babu mai tambayarsa ina ya je. Ba muna neman a sake buɗe muhawarar ba ne a nan. Muna cewa ne akwai safiya guda da filayen makarantu ke zaune babu kowa.

Mun san abin da za a ce mana, domin a cikinmu ma an faɗa. Za a ce tarbiyya aikin gida ce. Gaskiya ne, ga wanda ke da gidan. Muna magana ne a kan yaron da uwarsa ke fita aikatau tun asuba, ubansa ya rasu ko ya tafi ci-rani bai dawo ba. Za a kuma ce wannan koyar da sarrafa zuciya kayan Turawa ne. Wanda ya faɗi haka ya manta hadisin da ke cewa mai ƙarfi na gaske shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, da wanda ya umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna. 'Yan uwanmu Kirista ma suna da irin wannan koyarwa a littafinsu. Yaranmu sun haddace ta, suna cin ta a jarrabawa. Abin da ba a taɓa zaunar da su aka yi ba shi ne gwaji: wani ya zagi uwarka a gaban abokanka, jikinka ya ɗau rawa, me za ka yi a daƙiƙa goman farko? Ta yaya za ka ƙi abin da abokinka ya miƙo maka ba tare da ka rasa abokin ba? Ta yaya za ka raba faɗa, ko ka ba da haƙuri ba ka ji ka zama rago ba? Waɗannan abubuwa ne da ake koya ta maimaici, a ƙaramin rukuni, da babban da yaro ya amince da shi.

Kuma an gwada an auna. Wani nazari da aka wallafa a 2011 ya tattara sakamakon shirye-shirye 213 na irin wannan koyarwa, da suka shafi ɗalibai sama da 270,000, akasari a Amurka. Bayan raguwar rigima, har karatu ya gyaru: ɗalibin da ke tsakiya a cikin ɗari yakan haura kimanin matsayi 11. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Laberiya. A birnin Monrobiya an ɗauki samari 999, da yawansu ɓarayi, masu sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa. Wasu aka yi musu zaman mako takwas ana koya musu tsayar da fushi da tsara gobe, wasu aka ba su dala 200, wasu duka biyun. Da aka koma bayan shekara goma, waɗanda suka sami zaman da kuɗin, sata da ta'asarsu sun ragu da kusan rabi. Masu jagorantar zaman kuma ba likitoci ba ne, mutane ne da su ma suka taɓa zaman titi. Idan an iya da ƙarti masu gemu, ɗan shekara sha huɗu bai gagara ba.

Ba za mu hana gwamnati yabonta ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko da suka shige shi, ya kawo zaman koyon dabarun rayuwa ga 'yan mata, kuma Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana irin wannan aiki. Muna so ya ɗore bayan kuɗin shirin ya ƙare. Muna kuma tambaya: samarin fa? Su ne ke cika bayan motar 'yan sanda.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A fitar da takardar umarni cewa ba za a kori ɗalibin ƙaramar sakandare ba sai an zauna da shi, da waliyyinsa, da malamin shawara, da wakilin kwamitin makaranta, an rubuta abin da aka gwada kafin a kai nan. Idan zamansa ya zama haɗari ga sauran yara, wanda yakan faru, a mayar da shi wata makaranta da takarda, a san wanda ya karɓe shi. Kowace makaranta ta riƙa aiko da adadin waɗanda ta dakatar da waɗanda ta kora duk zango, ma'aikata ta bayyana jimillar ga jama'a.

A ba kowace sakandare malamin shawara wanda aikinsa ke nan, da ɗaki mai ƙofa, da mace inda akwai 'yan mata, kuma a raba shi da kwamitin ladabtarwa. Masu wannan karatu suna nan. Jami'ar Ahmadu Bello na yaye su duk shekara, wasunsu ma suna cikin ma'aikatanku suna koyar da wani darasin daban. Malaman aji kuma a ba su horon gane alamun firgici, shaye-shaye da cin zarafi. Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna hedikwatarta take, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Muna roƙo da babbar murya kada horon ya zama taron kwana biyu a otal, a raba jaka da alawus a watse. A yi shi a cikin makarantu, a dawo a duba.

A ware darasi ɗaya a mako a ƙaramar sakandare don wannan koyarwa, ba tare da jarrabawa ba, domin da zarar an sa mata maki za ta koma hadda. Akwai manhajar Unplugged mai darussa 12 kan kauce wa shaye-shaye, wadda aka riga aka gwada a makarantun sakandaren tarayya, ana iya farawa da ita a ko'ina. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwaya, kuma hana kodin da aka yi a shekarar bai hana yara neman madadinsa ba. Safiyar Juma'a kuma a buɗe makarantu don ƙwallo, wasan kwaikwayo, muhawara, Sikawut da ƙungiyar ba da agaji, a ɗan ba malaman da suka fito abin mota. A nan ne za a iya haɗa makarantar Tudun Wada da ta Sabon Tasha a ƙungiya ɗaya. Tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin abinci da na ƙetaren kogi ba. Hukumar Zaman Lafiya ta jiha da cibiyar sulhu ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun san wannan aiki, a gayyace su.

A sake tsarin muƙaman ɗalibai. A karɓe bulala daga hannun siniyoyi. A yawaita muƙaman, a riƙa juya su duk zango, a kuma umarci shugabannin makarantu su ware wasu musamman ga yaran da ke bakin kora, kowanne da malamin da zai riƙa zama da shi. Tsofaffin ɗalibai da masu sana'a na unguwa, har da waɗanda suka taɓa ɓata suka dawo hanya, za su iya taimakawa idan an tantance su.

A shimfiɗa hanya bayyananniya daga makaranta zuwa hukumar jiha mai kula da shaye-shaye da asibitin Barnawa, yadda malamin da ya ga yaro ya fara nisa zai san lambar da zai kira kafin a kira 'yan sanda. Sannan a sa wa duk wannan layinsa a kasafin kuɗi, masu duba makarantu kuma su riƙa tambayarsa kamar yadda suke tambayar rajista da kundin darasi, domin abin da sufeto ba ya tambaya, shugaban makaranta ba ya yi.

Idan ma'aikata na ganin yin haka a ƙananan hukumomi 23 gaba ɗaya ya yi nauyi, a fara da makarantu kaɗan a Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun, a ƙirga fashi da faɗa da kora kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan shekara. Makarantunmu a shirye suke su zama na gwaji, kuma a cikinmu akwai malaman da suka ce za su fito ranar Juma'a tun kafin a yi maganar alawus. Muna fatan jin amsarku kafin a koma sabon zango, ko a ba mu rana mu zo ofis da iyayen yaran su faɗa da bakinsu.

Allah Ya ƙara wa mai girma Kwamishina lafiya, Ya shirya mana zuri'a.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin sakandare a Kaduna, a madadin abokan aikinsa da iyayen ɗalibai.